Gwahen Doña Herlinda

Ranar Laraba tankar ruwa ta sake maƙalewa a kwanar gidan Doña Herlinda, karo na uku ke nan a wata guda. Direban ya yi gaba, reshen itacen gidan ya daki saman tanki. Ya yi baya, taya ta leƙa kwazazzabo. Sai ya kashe mota, ya zuro kai ta taga, ya zazzaga wa itacen zagi tun daga saiwa har ganye, sai ka ce itacen na da uwa da uba. Da ya gaji ya ce shi kam ya gama, mai son ruwa ya sauko da bokitinsa.

Haka mutanen saman tudu suka gangaro, gida arba'in da wani abu, da bokitai da jarkoki, kowa ya zo wucewa sai ya aika wa Doña Herlinda harara. Ita kuwa tana zaune a kan 'yar kujerarta a gindin itacen, tana ɗaure 'ya'yan itacen, wato gwahe, ƙulli-ƙulli na kai wa kasuwa, ko kai ba ta ɗaga ba. Wajen kunnen uwar shegu duk unguwar babu na biyunta.

Kada ka ga laifin mutane. A watan Maris famfon unguwarmu iska kawai yake hurawa, mu da muke manne a jikin tudu a gefen Oaxaca, muna hango fitilun masu kuɗi a ƙasa da lambunansu kore shar. In tanka ba ta hau ba, ƙafarka ce za ta sauka. Kwanar nan kuwa taku biyu kacal take nema a ƙara mata, kuma a daidai taku biyun nan gwahen Doña Herlinda ya kafe, dogo, mai santsin jiki, ya yi nauyi da jajayen kwanso. Gwahe ne na gaske, irin wanda in ka ɓare ka watsa ƙwayarsa a tortilla, wainar masararmu, da gishiri da barkono sai ka lumshe ido, sai dai ranar kada ka kusanci wanda kake jin kunya, don warinsa ya fi na tafarnuwa naci, cikinka kuma zai yi ta ba da labari har yamma.

Wasu na cewa rowa ce, wai don 'yan kuɗin da take samu a kasuwa. Ƙarya suke yi mata. Abin da ke gindin itacen nan ya fi kasuwa.

A ƙauyen su Herlinda, can cikin kwari wajen Tlacolula, idan cibiyar jariri ta faɗi sai a sa ta a 'yar tukunyar ƙasa, a liƙe bakin da kakin zuma, uban ya binne a gindin itacen gida. Saiwa ta kama ta, itacen ya riƙe yaron. Duk inda ya shiga a duniya, muddin itacen na tsaye, ƙafarsa za ta juyo da shi. Haka kakarta ta gaya mata, kuma ta ga shaida da idonta. 'Ya'yanta mata biyu, ɗaya na aure a Puebla, ɗaya a cikin gari, amma wata ba ya ƙarewa ba su zo sun cika mata gida da surutu da jikoki ba. Saura autan, Leobardo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tsallaka Arewa, ƙasar Amurka, aikin rufin gidaje. Shekara biyar yana kira duk Lahadi. Ran nan ya ce zai koma wata jiha inda aiki ya fi tsoka, zai kira in ya sauka. Shekara shida ke nan ba a sake jin muryarsa ba. An tambaya, an aika hoto, an je ofis-ofis, shiru. Ubansa Don Aristeo ya mutu yana jira. Ita ba ta mutu ba, kuma ba ta sa baƙin kaya don Leobardo ba, ba ta kuma yarda an ɗora hotonsa a teburin matattu ba a watan Nuwamba. Kullum da safe sai ta durƙusa a gefen saiwar da ke fuskantar gabas, inda ta ga Aristeo ya sa tukunyar tana daga ƙofar ɗaki da ɗanyen jego, ta zuba ruwa rabin kofi, ta ba ɗanta labarin unguwa.

Washegarin rigimar tankar sai ga Don Nicasio. Shi ne ya riƙe Leobardo ranar baftisma, shi ya sa yake kiranta comadre, ita kuma tana kiransa compadre, ɗan garin su marigayi Aristeo ne daga duwatsun Mixteca, tare suka sauko birni suna samari. Bana shi aka ɗora wa shugabancin kwamitin unguwa, aikin da babu albashi sai zagi.

"Comadre, barka da hutawa."

"Ka ga alamar hutu a nan? Zauna, compadre, in gwiwoyinka sun yarda. Amma in maganar itace ce ta kawo ka, juya tun rana ba ta yi zafi ba."

Ya zauna a kan bulo, ya ɗora malafarsa a gwiwa. Ta miƙa masa kwanso biyu, ya ɓare yana taunawa, ya rasa ta inda zai fara.

"Mutane sun matsa mini lamba, comadre. Jiya har gida aka bi ni."

"Su bi ka har coci."

"Taku biyu ne fa. Kwamiti zai gina miki sabuwar katanga, mu kawo miki dashe uku, ba ɗaya ba."

"Dashe ya san Leobardo?"

"To a tono tukwanen a mayar ciki mana."

"Haba compadre, da girmanka! Shekara talatin da huɗu saiwa na sha, ka ce a tono tukunya? Ai yaron yana cikin itacen nan yanzu. Ka sare shi, da me zan jawo shi? Kai da ka riƙe shi a gaban Allah, kai ne za ka kawo adda?"

Don Nicasio ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya ɗaga kai ya dubi saman itacen, ya haɗiye abinsa. Ya miƙe ya ce ranar Lahadi akwai taro, ta daure ta zo.

Aka yi taron a filin ƙwallon kwando bayan an fito coci, rana na dukan ƙeya. Tun kafin a buɗe magana Maestro Eleuterio ya aiko mata cewa kada ta damu, shi zai tsaya mata. Tsohon malamin firamare ne, rabin mutanen wurin ya ja musu kunne suna yara, mutumin kirki, sai dai in ya kama magana sai Allah. Ya miƙe da takardu a hannu, ya gyara tabarau, mutane suka fara neman inuwa.

"'Yan'uwa," ya ce, "a cikinku wa ya san sunan garin da yake kwana yake tashi a ciki?"

"Oaxaca, Maestro! Mun ci jarrabawa, a sallame mu!"

"Rufe mini baki, kai da ka maimaita aji uku sau biyu. Ku saurara. Shekara ɗari biyar da 'yan kai, sojojin sarkin Mexica suka zo kwarin nan. Suka tarar da kurmin gwahe ya rufe hancin dutsen can da kuke hange, har gangare. Nan suka kafa sansani, suka kira wurin Huaxyacac, wato a hancin gwahe, daidai inda kurmin ya soma. Da Sifaniyawa suka zo suka laƙaba masa Antequera, sunan wani garinsu can ƙetare. Sunan ya ƙi zama, tsohon ya dawo. Kakannin Doña Herlinda Lua suke cewa, kakannin Don Nicasio Nunduva suke cewa, kuma duka biyun wurin gwahe ke nan. Harshe uku suka dubi ƙasar nan, duk itacen nan suka gani. Yau ku zaga cikin gari ku ƙirga mini nawa suka rage. Shi ne za ku ɗauki adda ku sare sunan garinku don tanka?"

Mutane suka fara kallon juna. Doña Herlinda ta ji wani sanyi a ranta, ta ce ashe karatu na da rana. Da Maestro ya zauna a nan, da wataƙila an tashi da sauran kunya. Ina! Ya tsaya yana juya takarda yana neman shafi na biyu. Sai wani magini daga can baya ya ɗaga hannu.

"Maestro, tambaya. Shi kurmin, ina yake?"

"Ai sojojin sun share shi, don su sami filin kafa bukkoki."

"Au! Ashe su ma sarewa suka yi?"

"To, a wancan zamanin, ka gane..."

"Shi ke nan, magana ta ƙare! Sun sare, suka sa wa wuri suna, gari ya zauna shekara ɗari biyar. Mu ma mu sare wannan mu sa wa kwanar suna Kwanar Gwahe, Maestro ya rubuta a littafi, kowa ya sha ruwa!"

Filin ya ɓarke da dariya, har da masu tafi. Maestro ya yi tsuru-tsuru yana "ku tsaya, ku tsaya," babu mai jin sa. Tausayinsa ma ya kama Doña Herlinda, duk da ita ya kwafsa wa. Ta dafa sandarta ta miƙe. Ba ta iya magana a taro ba, amma ta yi.

"Ni ban san sojoji ba," ta ce. "Ɗana na sani. Cibiyarsa na ƙarƙashin itacen nan. Kun san shi, wasunku tare kuka yi wasa a filin nan. Ban ce ba ku shan wahala ba, ina gani. Amma in na bari kuka sare, na ce da shi kada ya dawo ke nan. Wace uwa ce a nan za ta faɗi haka? Ta miƙe in gan ta."

Babu wadda ta miƙe. Dariya ta mutu, maza suka sunkuyar da kai. Amma ƙishirwa ba ta tafi ba don an ji kunya, da Don Nicasio ya ce a ɗaga hannu, hannuwa suka tashi kamar karan masara. Mutum uku ne kawai ba su ɗaga ba: Maestro, da shi Don Nicasio da ya fake da ƙirga, da Doña Zenaida ta can ƙarshen tudu, wadda ta naɗe hannuwanta cikin mayafi tana kallon ƙasa.

Sai dai ƙuri'a ba ta sare itace. Gwahen na cikin filin Doña Herlinda da rabin taku, kuma a unguwarmu ba a sa adda a filin mutum sai ya ce to. Aka tambaye ta, ta ce a'a. Aka sake tambaya, ta ɗauki sandarta ta tafi gida.

Daga ranar aka ɗauke mata gaisuwa. Mai shago ya miƙa mata canji yana kallon bango. Matan da suka saba tsayawa sayen ƙulli ɗaya su yi hirar ƙulli goma suka koma bin ɗaya gefen hanya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita mace ce mai son mutane, bakinta ne kawai da kaifi. Amma ta cije. Da safe ta gaya wa Leobardo duka, ta ce kada ya damu, uwarsa na nan daram.

Ranar Alhamis da azahar tana dawowa daga kasuwa ta tarar da Doña Zenaida zaune a tsakiyar hawan, ƙafa a miƙe, gwiwa na jini. Bokiti ɗaya ya kife, ruwan ya bi ƙasa ya tafi, ɗayan ta rungume shi da hannu biyu kada shi ma ya bi. Zenaida ta ba shekara sittin baya, ƙafafunta a kumbure, mijinta kuma shekara uku ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, komai a shimfiɗa yake yi.

"Comadre! Sannu! Ina yaran unguwar da za ki ɗauki wannan da kanki?"

"Suna makaranta. Shi kuma mutumin ba ya jiran a tashi daga makaranta." Ta yi 'yar dariya. "Sawu na huɗu ke nan. Na ukun ne ya fi wannan iya faɗuwa, ba ki gani ba."

Doña Herlinda ta ajiye kwandonta, suka kama bokitin su biyu, tsofaffi biyu suna hawa suna nishi suna tsayawa. Da suka shiga gidan wari ya tare ta a ƙofa. Zannuwan gado uku na jiƙe a baho cikin ruwan da ya riga ya yi wanki biyu. Mutumin na kwance yana bin su da ido, kunya ta cika masa fuska. Ta gaishe shi, ya motsa leɓe. Ta ga yadda Zenaida ta auna ruwan nan da kofi, na goge masa jiki daban, na dafa wake daban, ko na wanke gwiwarta ba ta cire ba.

"Zenaida, me ya hana ki ɗaga hannu ranar Lahadi? Duk unguwar nan wa ya kai ki buƙata?"

"Ni na dafa miki ruwan wanka ranar da kika haife shi. Ni na fara ɗaukarsa kafin ke. Da wane hannun zan ɗaga?" Ta matse zani ta yarfa. "Kuma ki daina kallona haka, ba sadaka na yi miki ba. Riƙe itacenki. In nawa ne ni ma haka zan yi."

Da zaginta Zenaida ta yi, da Doña Herlinda ta ji daɗi, don ta san yadda ake rama zagi. Wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta gangaro gida, ta durƙusa a gefen saiwar da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Can ta ce, "Leobardo, ka yafe mini. Ban gaji da jiranka ba, Allah ya sani. Amma ka ga matar nan." Ta yi kuka mai isarta, ta share fuska da gefen atamfar gabanta, ta nufi gidan Don Nicasio. Daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Lahadi," ta ce. "Amma ba mai taɓa shi sai na kwashe tukwanena da hannuna."

Ranar Lahadi aka yi shelar aikin gayya a lasifika tun da sassafe, kowane gida ya ba da mutum. Maza suka zo da adda da diga da shebur da igiya, mata suka girka wake a bakin hanya. Waɗanda suka ɗauke mata gaisuwa yanzu har rige-rigen cire malafa suke, "Doña Herlinda, ina kwana, Doña Herlinda, Allah ya saka." Ta amsa wa wanda ta ga dama. 'Ya'yanta mata sun zo, suna tsaye a bayanta. Ta durƙusa da 'yar fartanya tana tono tsakanin saiwoyi a hankali, kowa ya ja baya ya ba ta wuri. Ta fito da tukunya ta fari, saiwa ta fasa ta. Ta biyu ma haka. Ta ukun, ta gabas, ta fito lafiya lau da kakinta a baki. Ta goge ta da mayafi, ta rungume, ta koma bakin ƙofa ta zauna.

"Ku yi abin da ya kawo ku," ta ce.

Saboda wayar lantarki da rufin maƙwabta ba a iya kayar da shi gaba ɗaya, sai daga sama, gunduwa-gunduwa. Mai injin yanka ya ɗaure igiya a ƙugu ya hau. Rassa suka fara saukowa, jajayen kwanso suka zube a hanya, mata na tsincewa suna tara mata a kwando. Duk kukan injin sai ta ji shi a haƙoranta. Ta rufe ido, ta ƙanƙame tukunyar.

Can sai injin ya yi wata irin ƙara, wuta ta yi tartsatsi, ya mutu. Mutumin ya leƙo daga sama yana masifa.

"Wane ɗan banza ne ya ɗaura waya a nan? Ya ci mini haƙoran inji! Kai, har da gwangwani!"

Ya canja wuri ya yanke, aka sauko da gunduwar da igiya. Daidai inda babban reshe ya rabu biyu ne, can kusa da ƙololuwa, inda gorar Doña Herlinda mai ƙugiya ba ta taɓa kaiwa ba. Wani ɗan gwangwani ne mai murfi, bai fi tafin hannu ba, ya yi tsatsa, an naɗe shi da waya, ɓawon itacen ya haɗiye rabinsa. Mutane suka taru suna tambayar juna ko asiri ne. Don Nicasio ya ratso su, ya duba, ya cire malafarsa. Ya zo gaban Doña Herlinda ya tsaya kamar yaron da ya fasa tulu.

"Comadre. Ta Leobardo ce."

"Mece ce ta Leobardo?"

"Cibiyar. A garinmu ba a binne ta namiji. Ta mace ce ake sa wa a ƙasa. Ta namiji sama ake kai ta, iyakar inda uba zai iya hawa, don yaro ya tashi ba ya tsoron tsayi, ba ya tsoron nisa. Aristeo ya ce in ya gaya miki ba za ki yarda ba. Kina barci da rana ya hau. Ni na riƙe masa tsani."

Ta dube shi, ta dubi tukunyar da ke cinyarta.

"Wannan fa?"

Ta sa farce ta ɓamɓare kakin, ta kifa tukunyar a tafinta. Wata 'yar tsakuwa ta faɗo, fara, mai santsi, irin ta bakin kogi, da ɗan ruɓaɓɓen tsumma a jikinta.

Doña Herlinda ta juya tsakuwar nan a hannu, ta sake juyawa.

"Shekara shida," ta ce. "Shekara shida ina durƙusa da waɗannan gwiwoyin ina ba tsakuwa labari. Ruwan da unguwa ke kuka a kai, ni ina shayar da tsakuwa." Sai ta ɗaga kai sama, ta buɗe murya yadda duk tudun zai ji. "Aristeo! Munafukin Allah! Kana ji na? Yaro na da kwana tara ka kai mini shi sama ka rataye, ka ce ya je. To ya je! Rufin gidajen mutane yake hawa, ba ya tsoro, ka ji daɗi? Sannan ka kwanta ka mutu da bakinka a rufe, ka bar ni ina kiran ƙasa!"

Wata mata a cikin taron ta fara dariya, dariyar ta juye mata kuka. Babbar 'yar ta dafa kafaɗar uwar, ta ture hannun. Ta juyo kan Don Nicasio.

"Kai kuma, compadre? Kullum ta nan kake wucewa kana ganina a durƙushe."

"Na rantse masa ba zan faɗa ba. Da yaron ya ɓata kuma sai na kasa. Na ce za ki ce mu muka kore shi." Hawaye na bin gemunsa. "Kuma wataƙila mu ɗin ne. Ba mugunta ba ce, comadre, haka aka yi wa Aristeo, haka aka yi mini. So yake ɗansa ya zama namiji."

"Ya zama," ta ce. "Ba ni addar nan."

Mutane suka ɗan ja baya, har shi Don Nicasio. Ita kuwa gunduwar ta nufa. Ta durƙusa tana saran ɓawon a hankali, gefe da gefe, kada ta taɓa gwangwanin. Magini ya matso zai taimaka, ta ce ya kauce. Sai da ta jiƙe da gumi kafin ya fito. Ta warware wayar, ta girgiza shi a kusa da kunne, wani abu mara nauyi ya motsa a ciki. Ba ta buɗe ba. Ta sa shi cikin rigarta, ta miƙe, ta ce da mai injin ya ƙarasa aikinsa, rana na yi.

Ta shige madafa. Doña Zenaida ce kaɗai ta bi ta, tana ɗingishi. Doña Herlinda ta sauke kaskon gashin tortilla, ta kwashe toka gefe, ta haƙa rami a jikin dutsen murhu, zurfin kamu ɗaya. Ta fito da gwangwanin ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ka sauko ke nan, Leobardo," ta ce. "Ubanka ya ce ka je, ka ji maganarsa. Yanzu ni ke magana. Ya isa haka. Ka dawo gida."

Ta sa shi a ramin, ta mayar da ƙasa, ta daddanna da tafin hannu har wurin ya yi daidai. A waje aka yi ihun a kauce, gangar jikin itacen ta faɗi, kwanonin da ke rataye a bango suka yi ƙara. Ba ta waiwaya ba, hannunta na nan a kan ƙasar.

Zenaida ta zauna kusa da ita a kan buhun gawayi, ta daɗe tana kallonta.

"Comadre, kina ganin zai ji?"

"Ban sani ba," in ji Doña Herlinda. "Amma duk shekarun nan ba inda yake nake kira ba. Yau na fara."